Kanar a Siton Biki

Tun da Seu Orivaldo Pantoja ya leƙa Belém ya dawo, ba a ƙara samun sakat a Jenipapo ba. Matarsa Dona Cremilda ta ce ko wandon da ya tafi da shi bai yi datti ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haƙa kogin da birnin yake kai. Yakan yi gyaran murya, ya ja wando sama har ƙirji, sannan ya ce, "Mu da muka ga duniya..." Daga nan duk mai kofi a hannu ya san sai ya huce.

Abu guda yake so a ransa, mabuɗin sito. A garinmu, kafin bikin Waliyyi Benedito, kowane gida yakan soya garin rogo ya cika kwando, a rufe bakinsa da ganye, a kai siton da ke bayan coci. Da shi ake ciyar da baƙin da suke zuwa a kwalekwale, kuma ba abin kunya a wurinmu irin a ajiye wa baƙo kifi ba gari. Wanda ya riƙe mabuɗin, ya miƙa garin lafiya ranar biki, shi yake ɗaukar tutar waliyyi ya shiga gaban jerin gwano, makaɗa na binsa. Shekara da shekaru Dona Zuleide ce take riƙe da shi, ita da kyanwoyinta masu gadin ɓera. Seu Orivaldo kuwa kullum yana can baya riƙe da kyandir, kakin na ɗiga masa a yatsa.

A taron bana, ƙarƙashin mangwaron coci, sai ya miƙe ya ja wando.

"Kyanwa! A wannan zamanin? Mu da muka ga duniya, a Belém duk wani babban sito mesa ake ajiyewa a ciki, jiboya, kaurin cinyata. Ɓera in ya ji warinta daga tsallaken kogi sai ya tattara iyalinsa ya sake gari."

Dona Zuleide ta hanci take magana, kuma takan ja kalmar ƙarshe kamar tana shanya ta a igiya. Ta ce, "Kai kana da itaaa?"

"Tana hanya."

"Cinyar taka ma ai ba ta kai muciyaaa."

Aka yi dariya, amma maza sun gaji da kyanwoyin nan da suke sace musu kifi a kan shanya, sai suka ɗaga masa hannu. Dona Zuleide ta cire mabuɗin daga wuyanta ta ajiye masa a ƙasa, don ya duƙa.

Ranar da jirgin ruwa ya kawo mesar, gari duka yana bakin kogi. Firmino masunci, wanda shi ya riƙe wa Seu Orivaldo ɗiya a baftisma har suke ce wa juna kompadre, ya zo da ƙaton gora da igiya don a ɗauke ta mutum biyu. Seu Orivaldo ya shiga jirgin, ya jima, ya fito riƙe da gwangwanin madara.

"Ina take?" in ji jama'a.

"Ku ja baya. Mai ciki da mai ciwon zuciya su tafi gida."

Ya buɗe murfin. Can ƙasa ga wata 'yar aba ta naɗe kamar gammon 'yar tsana, tsawonta bai wuce kamu ba, kaurinta ɗan yatsa. Ta ɗago kai, ta fitar da harshe, ta koma.

"Allah sarki," in ji Dona Zuleide, "uwarta ta san ta fitooo?"

"Sunanta Kanar," in ji Seu Orivaldo. "Yarinya ce. Kafin biki sai an cire ƙyauren sito za ta iya fitowa."

"Haka ne, kompadre, haka ne," in ji Firmino. Haka yake fara kowace magana. "Ko jiya na sa irinta a ƙugiya, ban dai kama komai ba."

Seu Orivaldo ya kai Kanar gida ya soma kiwo. Tunda a garinmu ba yaron da ya girma ba da kunun shuɗayen 'ya'yan iccen asayi ba, sai ya dama mata mai kauri a faranti, ya barbaɗa gari. Kanar ta bi ta cikin farantin ta fito shuɗiya-shuɗiya ta wuce. Ya soya mata kifi ya cire ƙaya. Ta juya masa baya. Ya kawo kofi da madara a cokali yana hurawa yana cewa, "Haa, Kanar, haa, yi haa."

"Bawan Allah," in ji Dona Cremilda daga bakin murhu, "'ya'ya na haifa maka har suka yi aure, ban taɓa ganin ka hura wa ɗayansu cokali ba."

"Su ai ba za su sa ni gaban jerin gwano ba."

"Ita ma sai dai ta sa ka gaban alƙali."

Wata safiya Kanar ta sulale bayan tulun ruwa ta kama wani ɗan jaririn ɓera da kanta, ta naɗe shi, ta haɗiye a hankali, kai ya fara shiga. Daga nan ta kwanta da ƙullutu a tsakiyar jiki, ko motsi. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, tana nan yadda take. Seu Orivaldo ya taɓa ta da tsinke, ya kira sunanta, ya yi mata fito. Shiru. Ya kunna kyandir a kanta da ƙafarta, ko da yake sai da suka yi gardama da Firmino a kan inda ƙafar take. Maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa, don an ce akwai kofi. Ana tsakiyar addu'a Kanar ta wangale baki ta yi wata doguwar hamma, ta gyara muƙamuƙi. Tsohuwar da ke jan addu'ar ta fita ta taga.

Da ƙullutun ya narke, Seu Orivaldo ya miƙe ta a kan teburi ya auna. Ta ƙaru da faɗin farce. Ya zauna yana kallon rufi, abin da Dona Cremilda ta fi tsoro a duniya.

"Na gano," in ji shi. "Ɓera ɗaya, farce ɗaya. Ke nan girman mesa yana ga yawan ɓera. Matsalar garin nan, ɓera ya yi kaɗan."

"Me ka ce?"

"Kyanwoyin Zuleide suna cinye wa Kanar abinci."

A ranar ya je sito da tsintsiya ya kori kyanwoyin kaf. Dona Zuleide ta bi su tana kiran kowace da sunanta, ta zuba su a buhu, ta haye kwalekwale ta kai wa ƙanwarta a tsallake. Daga tsakiyar kogi ana jin ta: "Za ka neme suuu!"

Shi kuwa ya saka Kanar a sito tsakanin kwandunan gari, ya hau benci bayan an tashi daga coci ya yi shela: duk mai ɓera a gidansa ya kawo, amma da rai, don Kanar ba ta cin mushe.

Ba a taɓa amsa kira a Jenipapo da sauri irin wannan ba. Aka fito da tarkuna, aka kawo ɓeraye a tukwane, a safa, a tsohuwar hula. Labari ya bi kogi, mutanen ƙauyukan sama da na ƙasa suka riƙa zuwa a kwalekwale da akwatuna masu kuka. Wata mata ta rungume shi da hawaye ta ce tun aurenta ba ta yi barci mai daɗi irin na yanzu ba. Firmino ya kawo wani ƙato mai guntun kunne wanda ya ɗan fi ɗan kare.

"Haka ne, kompadre, haka ne, ta cinye wannan ta gama girma. In kuma shi ya cinye ta, ka ga sai ka riƙe shi, ya fi ta kwarjini."

Seu Orivaldo yana tsaye a bakin ƙofa yana karɓa yana godiya, yana zubawa ciki.

Da ya leƙa washegari don ya auna girman da aka samu, bai ga Kanar a ƙasa ba. Ya ɗaga kai. Tana can maƙale a ƙusar da ake rataye fitila, da ɗan cizo a wutsiya, ƙaton ɓeran Firmino yana zaune a ƙasa yana kallonta yana tauna. Wasu suna kan kwanduna, wasu suna ciki. Ɗaya ya zo ya shinshina masa takalmi kamar mai tambayar wa ya ba shi izinin shigowa. Seu Orivaldo ya miƙa hannu ya ciro Kanar, ya jefa ta cikin rigarsa, ya fito da baya, ya danna kwado.

Daga ranar bai ƙara buɗe ƙofar ba. Ya fasa 'yar kafa a jikin katako, duk wanda ya kawo ɓera sai ya tura ta nan, don ya kasa cewa a daina. Kanar kuwa ta samu wurin zama a cikin riga, daidai saman cibiya, inda yake da ɗumi. Sai ya koma sa riga mai dogon hannu a ɓalle har wuya, a wannan zafin namu, yana tafiya a sandare kamar wanda ya haɗiyi gora.

"Ba ka buɗewa mu gan taaa?" in ji Dona Zuleide.

"Ta wuce gani. Jiya ni kaina da ƙyar na sha."

"Wannan hayaniyar fa a cikiii?"

Gaskiya sito yana ta ƙara kamar kasuwa, ana gudu, ana tsuwa, ana jan abu a ƙasa.

"Kukan neman agaji ne. Aiki take."

"Haka ne, kompadre, haka ne," in ji Firmino, kunnensa a jikin katako. "Ni dai kamar biki nake ji ana yi."

A gida, da ya ciro ta, sai ya ga idanunta sun yi fari kamar an zuba musu madara, jikinta ya dusashe, ta ƙi ko kallon ɗan ɓeran da yake kamo mata a ɓoye daga kicin. Ya ɗora hannu a ka ya ce Zuleide ta yi mata baki. Ya sa Dona Cremilda ta yi mata turare da ganyen kore maita, ya ɗaura mata jan zare a wuya, zaren ya zame ya fita ta wutsiya, ya sake ɗaurawa, ya sake zamewa. Ana cikin haka wata safiya Kanar ta goga hanci a ƙafar gado ta fice daga fatarta, sabuwa fil, tana sheƙi.

Seu Orivaldo ya ɗaga saɓar ya ga ta fi mai ita tsawo. Idonsa ya yi haske. Ya jiƙa ta a ruwan ɗumi, ya ba Dona Cremilda kai ya riƙe wutsiya.

"Ja."

"Ba zan ja ba."

"Ja, don darajar aurenmu."

Ta ja don ta huta. Saɓar ta miƙe, ta miƙe, ta tsinke, ya faɗa cikin kwandon wanki. Bai karaya ba. Ya ɗinka tsakiyar da tsohon labulen gidan sauro mai tsawon gaba biyu, ya shafa masa toka, ya je ya kafa a ƙofar sito da ƙusa.

"Ga rigar da ta yi mata kaɗan," in ji shi.

Dona Zuleide ta sa tabarau ta bi abin daga farko zuwa ƙarshe. "Kai siriri, wutsiya siririya, tsakiya da bakin leshiii. Wane tela ne yake mata ɗinki?"

Kafin azahar ɓerayen ciki sun jawo ta ta ƙarƙashin ƙofa sun cinye, sun yi ciki da labulen. Seu Orivaldo ya ce Kanar ce ta karɓi kayanta.

Ranar biki ta zo. Tun da safe kwalekwale suka cika bakin kogi, an ƙawata su da tutocin takarda. Fada Anselmo, limamin coci, ya iso da farar rigarsa, makaɗa suka jeru da ganguna da ƙaton ƙaho mai faɗin baki. Kifi yana gasuwa jere-jere, ƙamshi ya cika gari, ba abin da ya rage sai gari. Tutar waliyyi tana jingine a ƙofar coci, Seu Orivaldo ya wuce ta gabanta ya shafa sandarta da yatsa.

Ya tsaya a ƙofar sito, ya yi gyaran murya, ya so ya ja wando, ya tuna da wadda ke saman cibiya, ya fasa.

"Mu da muka ga duniya, ba ma buɗe irin wannan ƙofa da gaggawa. Ina ganin a fara cin kifin tukuna."

"Buɗe, ɗana," in ji Fada Anselmo.

"Fada, rai fa."

"Buɗe."

Ya buɗe. Ciki tsit. Kwanduna suna nan a jere, kowane da ganyensa a baki. Seu Orivaldo da kansa ya yi mamaki, har ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Kun gani? Ko ƙwaya..."

Mata suka shiga ɗauka. Dona Zuleide ta yunƙura da ƙarfi irin na mai ɗaukar cikakken kwando, sai ga shi ya tashi sama kamar hula, ta kusa faɗuwa. Gindinsa babu. A inda yake, ɓeraye ne a kwance kan juna, uwaye da 'ya'ya da jikoki, suna ƙyafta ido saboda haske. Aka ɗaga na biyu, haka. Na uku, haka, sai dai a nan an yi gado da labulen gidan sauro.

Sannan suka fito. Ba gudu suka yi ba, don ba za su iya ba. Sun yi ƙiba har cikinsu na jan ƙasa, suka riƙa fitowa suna rangaji kamar attajirai bayan walima, fuska duk gari. Mata suka hau benci, benci ya karye. Ɗaya ya shige bakin ƙaho, mai busa ya hura, ƙahon ya yi tsuwa. Wani ya kama gefen rigar Fada Anselmo ya fara hawa a natse, Fada yana karkaɗe riga yana kiran waliyyai da sunayensu, har da waɗanda ba ranarsu ba.

"Ga nawa can!" in ji wani baƙo daga ƙauyen sama. "Mai farin wutsiya! Kai, ya yi kyau."

"Haka ne, haka ne," in ji Firmino, "ga nawa mai guntun kunne. Kompadre, ka iya kiwo, ba a taɓa ganinsa haka a gidana ba."

"A saki Kanar!" jama'a suka ɗauka. "Ina Kanar? Ta fito!"

"Tana can ƙurya tana shiri," in ji Seu Orivaldo. "Ba a yi wa babba gaggawa."

Zafi da hayaniya sun ishi Kanar. Ta lallaɓa ta sama, ta turo ɗan kanta ta wuyan rigarsa, daidai ƙarƙashin haɓa, ta fitar da harshe ta gaida jama'a.

Dona Zuleide ta nuna da yatsa. Wannan karon ko jan kalma ba ta yi ba. "Ga ta."

Seu Orivaldo ya duba ƙasa, suka haɗa ido da Kanar.

"Wannan 'yarta ce," in ji shi.

"Ajiye ta ƙasa ta yi aikin uwarta," in ji Dona Cremilda daga cikin taro. Matarsa ta aure.

Ba yadda zai yi. Ya ciro ta ya ajiye a gaban ƙaton ɓeran Firmino, jama'a suka yi da'ira. Kanar ta dubi ɓeran. Ɓeran ya dube ta, ya yi gyatsa, ya ci gaba da wanke fuska. Ta juya a hankali, cikin mutunci, ta nufi abin da ta sani, ta shige ƙafar wandon Seu Orivaldo ta yi sama.

Abin da ya biyo baya, har yau in an taru sai an kwaikwaya. Ya daka tsalle, ya buga ƙafa, ya murguɗa ƙugu, ya riƙe gwiwa, ya saki, ya riƙe wani wurin. Mai ganga ya ga ƙafar tana tafiya daidai, hannunsa ya ƙi haƙuri, ya ɗauka. Sauran makaɗa suka bi. Baƙi suka fara tafi. Seu Orivaldo yana juyi yana ihu, "Ba nan ba, Kanar! Ba nan ba!" 'yan amshi suna mayar masa.

Sai da Dona Cremilda ta zo ta kama shi ta ƙugu, ta sa hannu ta bayan wando ta zaro Kanar kamar mai zare tsutsa daga gwaba, ta saka ta a aljihun gaban rigarta, sannan kiɗa ya tsaya.

Baƙi suka ci kifi ba gari. Sun ci, don yunwa, amma kowa yana tauna yana kallon gefe kamar an yi rasuwa. Wani tsoho daga ƙauyen ƙasa ya riƙa kai hannu inda kwanon gari yake zama, yana dawo da shi wayam, har ya gaji ya zauna a kan hannun.

Dona Zuleide ta miƙa tafin hannu kawai. Seu Orivaldo ya cire mabuɗin, ya so ya ajiye a ƙasa, ya ga idon Fada Anselmo, ya sa mata a hannu. Ta ɗauki tutar waliyyi ta tsaya a wurinta na kullum.

Sai dai jerin gwano ya kasa tashi. Ɓeraye sun bazu a kan hanya daga ƙofar coci har bakin kogi, sun kwanta shan iska, ko an buga ƙafa ba sa matsawa, ga masu ɗauke da mutum-mutumin waliyyi a kafaɗa ba sa ganin ƙasa. Fada Anselmo ya dubi hanya, ya dubi Seu Orivaldo, ya aika a kawo tsintsiyar coci.

"Baƙinka ne, ɗana. Kai suka sani. Shiga gaba ka ba waliyyi hanya."

Haka aka zaga Jenipapo a bana. Seu Orivaldo a kan gaba, a duƙe, yana share ɓeraye hagu da dama yana ba su haƙuri, Dona Zuleide da tuta a bayansa tana cewa, "Ga wani can ka bariii," makaɗa na biye.

Da yamma ya dawo gida riƙe da ƙugu, ya zube a ragar kwanciya. Dona Cremilda tana zaune, Kanar ta naɗe a wuyan hannunta kamar warwaro. Ya yi gyaran murya.

"Kin dai gani da idonki. Zuleide shekara nawa tana shiga gaba, amma ko sau ɗaya ta taɓa shiga gaban tuta?"

"Ba ta taɓa ba," in ji Dona Cremilda. "Kwanta ka huta. Gobe da sassafe za ka tsallaka kogi ka ba kyanwoyi haƙuri, ta ce kowace da sunanta."